Tushen bayanai kan aikin sa-kai da ƙungiyoyin agaji a Saudiyya

Tushen bayanai kan aikin sa-kai da ƙungiyoyin agaji a Saudiyya su ne rajistoci da rahotanni da alƙaluman da ɗalibi ko ɗan jarida ko ma'aikacin ƙungiya yake komawa gare su idan yana son sanin su wa ke bayarwa, nawa ake bayarwa, kuma ina abin yake zuwa. Sun yawaita ne bayan 2016, shekarar da aka ƙaddamar da shirin raya ƙasa na Ru'uya 2030, wanda ya sa burin kai masu aikin sa-kai miliyan ɗaya a shekara, da ɗaga kason ƙungiyoyin da ba na neman riba ba daga ƙasa da kashi 1 zuwa kashi 5 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa. Kowane tushe da abin da yake ƙirgawa, kuma yawancin kurakuran masu bincike daga rashin lura da wannan suke tasowa.

Rajistar ƙungiyoyi

Dokar ƙungiyoyi da gidauniyoyi ta 2015 ta bambanta jam'iyya ahaliyya (ƙungiya), wadda ke da mambobi da babban taro, da mu'assasa ahaliyya (gidauniya), wadda mutum ko iyali ko kamfani ke kafawa da dukiyarsa. Rajistarsu da kula da su yanzu suna hannun Cibiyar Bunƙasa Ɓangaren da Ba na Neman Riba ba ta Ƙasa. A nan ake tantance ko ƙungiya tana da lasisi, da lambarsa, da yankin da take aiki. Cibiyar tana kuma auna tsarin shugabancin ƙungiyoyi ta fuska uku: bin doka, bayyana bayanai a fili, da lafiyar harkar kuɗi. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa suna sa rahoton shekara da bayanin kuɗin da akanta ya tantance a shafinsu na intanet. Bayanin kuɗin ya fi rahoton amfani, domin a cikinsa ake ganin abin da ya shigo daga zakka, da na gudummawar da aka ɗaure da sharaɗi, da abin da ya tafi albashi da haya.

Mai neman tsofaffin takardu ya lura da sauyin suna. Ma'aikatar Harkokin Jin Daɗin Jama'a, wadda ƙungiyoyin ke ƙarƙashinta a da, ta haɗe da ta Ƙwadago a 2016, sannan a 2020 ta zama Ma'aikatar Ma'aikata da Ci-gaban Jama'a. Tsofaffin rahotanni kuma da shekarar Hijira ake lissafa su, wadda ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka ba a jera su a jadawali ɗaya sai an daidaita.

Ƙirgar masu aikin sa-kai

Hanya biyu ake bi, kuma ba sa ba da amsa ɗaya. Ta farko ita ce Dandalin Aikin Sa-kai na Ƙasa da aka buɗe a 2020: ƙungiya ko ma'aikata tana tallata aiki, mutum ya yi rajista da lambar shaidarsa, a rubuta masa awoyinsa, a ba shi takardar shaida. Ta biyu ita ce binciken gida-gida, irin wanda Hukumar Ƙididdiga ta ƙasar ta gudanar kan aikin sa-kai a 2018, inda ake tambayar mutane kai tsaye.

Dandalin yana ganin abin da aka shigar masa ne kawai. Bahaushen Makka da ya ɗauki yini yana yi wa tsofaffin alhazai tafinta a asibiti ko yana mayar da wanda ya ɓata masaukinsa, da matan unguwa da ke haɗa abincin gidan rasuwa, da masu kai buɗa-baki masallaci a watan azumi, ba su cikin lissafinsa, sai in ta hannun wata ƙungiya mai lasisi suka yi aikin. A ɗaya ɓangaren, an ɗora wa ɗaliban sakandare awa 40 na aikin sa-kai kafin kammala karatu, kuma ana rubuta musu. Ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda aka tsayar a taron masana ƙididdigar ƙwadago na 2013, ya ce aikin sa-kai shi ne wanda ba a biya, ba a tilasta ba, kuma an yi wa waɗanda ba iyalin mutum ba. Da wannan ma'auni, hidimar unguwa ta shiga, awoyin makaranta kuwa akwai magana a kansu. Wanda ya kwatanta adadin dandalin da na wata ƙasa ba tare da ya faɗi wannan ba, ya ruɗar da mai karatu.

Kuɗi

Dandalin Ihsan na ba da gudummawa ta intanet, wanda aka buɗe a 2021, yana nuna jimillar gudummawar da ta bi ta cikinsa, musamman lokacin gangamin Ramadan. Waƙafi yana ƙarƙashin Hukumar Aukaf, zakkar kamfanoni kuma Hukumar Zakka da Haraji da Kwastam ce ke karɓa. Agajin da ke fita waje yana bi ta Cibiyar Agaji ta Sarki Salman da aka kafa a 2015, kuma ana iya gwada alƙalumanta da na sashen bibiyar kuɗin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya. Bai dace a tara waɗannan wuri ɗaya ba: riyal ɗaya yakan fito a Ihsan, ya sake fitowa a littafin ƙungiyar da ta karɓa. A alƙaluman ƙasashen waje kuma, a raba alkawari da abin da aka biya.

Nazarce-nazarce

Gidauniyar Sarki Khalid tana fitar da rahoto kan yanayin ɓangaren tun 2018, kuma shi ne mafi sauƙin wurin farawa. Cibiyar Midad da ke Jidda ta keɓanta da bincike kan aikin alheri. Kundayen digiri da mujallun jami'o'i ana samunsu a rumbun Darul Manzuma da Laburaren Intanet na Saudiyya, galibi ta hanyar rajistar jami'a, sai Laburaren Sarki Fahd da ke Riyadh. Kan hidimar alhazai, Jami'ar Ummul Ƙura tana da cibiyar binciken Hajji da Umra. Da Larabci ake nema, kuma a gwada kalmomi fiye da ɗaya: العمل التطوعي (aikin sa-kai) da العمل الخيري (aikin alheri) da القطاع غير الربحي (ɓangaren da ba na neman riba ba) da القطاع الثالث (ɓangare na uku), domin tsofaffin rubuce-rubuce sun fi amfani da ta biyu, sababbi kuma da ta uku.

Don kwatanta ƙasashe akwai jadawalin bayarwa na duniya da gidauniyar Charities Aid Foundation (CAF) ta Ingila ta fara fitarwa a 2010. Tambayoyi uku aka gina shi a kai, kan watan da ya gabata: taimakon wanda ba a sani ba, ba da kuɗi, da ba da lokaci. Yana nuna yawan waɗanda suka ce e, ba yawan abin da suka bayar ba.

Binciken cikin unguwa

Alƙaluman hukuma ba sa ware mutane da harshe, don haka wanda ke son sanin taimakon juna tsakanin Hausawan Makka da Jidda da Madina sai ya yi hira da kansa. Zai buƙaci izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arsa, ya kuma kiyaye dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a 2023. Tara gudummawa ba da lasisi ba laifi ne a ƙasar, shi ya sa tambayar kuɗi kan sa mutane su kama bakinsu. Ga kuma waɗanda ke ganin faɗin sadaka yana rage lada. Ya fi kyau a fara ta wurin dattijon unguwa ko limami, a bar sunaye, kuma a tambayi aiki takamaimai. "Baba, a makon nan kun raka wani asibiti, ko kun je wankan gawa?" ta fi fitar da amsa a kan "Kuna aikin sa-kai?", wadda da yawa za su amsa da a'a alhali a ranar ma sun yi.