Sana'ar Ɗinkin Babbar Riga a Zariya: Tsari da Gudanarwa

Ɗinkin babbar riga na daga cikin sana'o'in hannu da birnin Zariya, a Jihar Kaduna, ya yi suna a kansu. Riga ɗaya takan ratsa hannun mutum biyar ko shida kafin ta hau jikin mai ita: mai yanka, mai zayyana, mai surfani, tela, mai wanki, sai mabugi. Wanda ake kira mai sana'ar shi ke sayen yadi, ya raba aikin, ya bi sawunsa gida gida, ya sallami kowa, sannan ya nemo mai saye. Galibin irin waɗannan wurare ba su da ma'aikata goma na dindindin, wato ƙananan sana'o'i ne, amma masu cin abinci a ƙarƙashinsu sun ninka haka.

Tarihi

Ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce, saƙa da rini kuma sun kafu a cikinta tun zamanin sarakunan Haɓe. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya karɓi Zazzau wajen 1808, ƙasar ta shiga Daular Usmaniyya. A wannan tsari riga kayan mulki ce: sarki yakan tufatar da wanda ya naɗa, ya yi wa malami ko baƙo kyautar riga, ya kuma sa riguna cikin gaisuwar da ake kaiwa Sakkwato. Buƙatar fada ita ta ba maɗinka kasuwa mai ɗorewa. Da yawa daga masu surfani na wancan zamani malamai ne da almajiransu, suna ɗinki tsakanin darasi da darasi don su riƙe kansu, kuma hannun da ya saba da alƙalami da zayyanar allo bai sha wuyar zana aska, wato adon surfani mai siffar wuƙa, a ƙirjin riga ba. Har yau akan ga wannan haɗi na karatu da allura a zaurukan cikin birni.

Kayan aikin da sun haɗa da saƙi da ake rinawa da baba a karofi, da zaren tsamiya, da jan alharini da fatake ke kawowa ta Sahara daga Tarabulus. Ana jera ƙwaryar saƙi siriri siriri a ɗinke su har su zama riga. Sunayen zane kuwa sun tsira: aska biyu, aska takwas, malum-malum, da ƙananan sassa irin su tambari, gidan biyar da dagi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin waɗannan zane-zane a shekarun 1970.

Turawa sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa ya iso wajen 1911, aka kafa injin gurzar auduga don fitar da ita waje. Yadin kanti da keken ɗinki suka shigo, saƙi ya fara ja da baya. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957. Kuɗin mai na shekarun 1970, da komawar mulki hannun farar hula a 1979, sun sa babbar riga ta zama tufar 'yan siyasa da manyan ma'aikata, buƙata ta yi yawa har maza suka kasa cika ta. A wannan tsakani ne maza da dama suka koma keken surfani, matan cikin birni kuma suka karɓi allura a ɗakunansu. Wannan ne sauyi mafi girma da sana'ar ta gani a ƙarni na 20, domin ya mai da aikin zaure aikin cikin gida, ya kuma ɗaga darajar yaran da ake aike tsakanin gidaje. Matsin tattalin arziki bayan shirin tsuke bakin aljihu na gwamnati (SAP) na 1986 ya ƙara tura iyalai cikinta. Daga baya manyan masaƙun Kaduna sun durƙushe a shekarun 2000, sai shadda ta waje, ta Ostiriya da ta Sin, ta mamaye kasuwa.

Rabon aiki

Mai sana'a yakan saro shadda daga Kasuwar Sabon Gari, ko ya tafi Kantin Kwari a Kano idan sarin mai yawa ne. Bayan an yanka, mai zayyana yakan shimfiɗa gaban rigar a kan allo ko a cinyarsa, ya zana askar da biro ko alƙalami, ya fitar da aljihu da wuya, ba tare da ya kalli wani samfuri ba. Daga nan yaro ya naɗe yankin da zarensa cikin leda ya kai gidan mai surfani. Ba lallai mace ɗaya ta gama ba: wata ta iya cike, wata ta fi ƙwarewa a ƙananan huji masu kama da ido, don haka gaban riga ɗaya yakan kwana a gida biyu ko uku. Idan ya dawo, tela ya haɗa, a wanke dauɗar hannu da sawun biro, a sa sitaci, mabugi ya ɗora a kan gungume ya buga har shaddar ta yi ƙyalli.

Biya na ƙodago ne, gwargwadon yawan aiki da wahalarsa. Aikin hannu mai nauyi yakan ci makonni, wani ma watanni. Keke kan gama makamancinsa cikin 'yan kwanaki. Abin da ke riƙe da wannan tsari duka amana ce da sanayya, domin yadi mai tsada yana fita daga hannun mai shi ba tare da takarda ba.

Jari da lissafi

Matsalar kuɗi a wannan sana'a ta lokaci ce. Mai sana'a yakan biya yadi da zare da wani ɓangare na ladan ɗinki tun farko, kuɗinsa kuma ba ya dawowa sai riga ta fita. Riga goma da ke yawo a gidaje jari ne kwance. Saboda haka ake karɓar kafin alƙalami daga mai oda, aƙalla abin da zai sayi yadi da zare. Wanda ke ɗinka don kasuwa kuwa yakan ba dillali, shi kuma ya ɗauki la'adarsa bayan an sayar, wani lokaci a biya kaɗan kaɗan. Jarin farko galibi daga ubangida yake fitowa idan ya yaye yaronsa, ko daga adashi, ko 'yan uwa.

Shagon da ya fara girma akan gane shi da littafinsa. Shafi ɗaya na mutum ɗaya: suna, awo, ranar karɓa, ranar alkawari, abin da aka bayar da saura, a gefe kuma an maƙala ɗan ƙyallen yadin da allura don kada a gauraya farar shaddar wani da ta wani. Masu tsari sosai sukan riƙe littafi na biyu na aikin da ke waje, wanda ke nuna gidan da kowane yanki yake da zaren da aka ba da. Wannan littafi na biyu shi ne mafi amfani, kuma abin takaici shi aka fi sakaci da shi. Raba uwar kuɗi da kuɗin cefane ma wani mataki ne da shaguna da yawa ke tuntuɓe a kansa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sa biya ta tiransifa da POS ya bazu, har wasu masu surfani suka buɗe asusu.

Jadawalin shekara

Shekarar maɗinki tana bin watan Musulunci, wanda ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Ƙaramar Sallah ita ce babbar kaka, sai Babbar Sallah, da hawan da ake yi a Zazzau lokacinsu, inda hakimai da mahayansu ke buƙatar kaya iri ɗaya masu yawa. Mai hangen nesa yakan raba aikin hannu tun Rajab ko Sha'aban, ya rufe karɓar sabon aiki a tsakiyar azumi, domin a goman ƙarshe hannu kan yi sanyi da rana, mabuga da teloli kuma sun cika. Karɓar abin da ya fi ƙarfin shago shi ne tushen saɓa alkawarin da ake zargin teloli da shi. Naɗin sarauta, aure da lokacin zaɓe sukan kawo aiki ba zato. Bayan Sallah, lokacin da kasuwa ta kwanta, ake koyar da yara, a gyara kekuna, a ɗinka na ajiya.

Faɗaɗa

Mataki na farko yawanci shi ne mai sana'a ya ajiye allura ya koma duba aiki, ko ya naɗa babban yaronsa a kan haka. Sai sayen keken surfani, kwanan nan ma har da mai aiki da kwamfuta, wanda ke buƙatar tsayayyar wuta. Tsadar mai bayan cire tallafi a Mayun 2023 ta sa wasu sun koma sola. Hotunan WhatsApp, Facebook da Instagram sun kawo masu saye daga Abuja, Legas da ƙetare, ana aika kaya ta tashar mota. Wasu kuma sun juya zanen riga zuwa kaftani, rigunan mata, jakunkuna da rigar matashi don samun kasuwa a wajen lokacin Sallah.

Shagon da ya faɗaɗa yana iya rajistar sunan kasuwancinsa a hukumar rajistar kamfanoni (CAC), ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020.

Saɓani

Ana jayayya kan ko keke ya rage darajar sana'ar ko shi ya ceto ta, da kan ko ladan mata masu surfani ya yi daidai da farashin da ake sayar da rigar. Rancen banki mai kuɗin ruwa ma da yawa suna gudunsa saboda addini, sun fi karkata ga adashi ko bankunan da ba sa karɓar ruwa.