Waiwaye: Shekarar 1920 da tambayar da ta sauya muhawarar jari-hujja da gurguzu

Tun daga tsakiyar 2023, lokacin da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a Najeriya kayan masarufi suka rufa masa baya, wata tsohuwar gardama ta sake kunno kai a Facebook da zaurukan WhatsApp da majalisun samari. Wasu suna cewa jari-hujja ne ya jefa talaka cikin wannan hali, saboda haka hukuma ta karɓe manyan harkoki ta ƙayyade farashi. Wasu suna cewa ai gurguzu an gwada shi ya ci tura, a ƙyale kasuwa ta yi halinta. In muhawarar ta yi zafi sai ka ji an ce a bar falsafa a zo kan maganar abinci. Wanda ya shigo yau zai zaci jiya aka fara, alhali maganar ta haura shekara 150, kuma akwai wani mashigi a tarihinta da ɓangarorin biyu suke yawan tsallakewa.

Falsafar da ake cewa a bari, ita ce ta haifi gardamar. Aikinta shi ne ta ɗauki tambayar da ta cakuɗe ta warware ta, ta bi kowace hujja har inda ta tsaya, ta tuhumi abin da kowa ya ɗauka ba ya bukatar tambaya. A wannan batu tambayoyi biyu ne a dunƙule. Ta farko ta adalci ce: wa ya kamata ya mallaki gona da ma'adinai da masana'anta, kuma nawa ne haƙƙin wanda ya yi gumi? Ta biyu ta sani ce: ta yaya al'umma mai mutane miliyoyi za ta gane abin da ya kamata ta samar, nawa, a ina, ta wace hanya? Mutum yana iya yin gaskiya a ta farko ya sha ƙasa a ta biyu. Yawancin cacar bakin da muke gani, wannan yana amsa ta farko ne wancan yana amsa ta biyu, shi ya sa ba a haɗuwa.

Farkon labarin sananne ne. Adam Smith, tsohon malamin falsafar ɗabi'a a jami'ar Glasgow, ya bayyana a 1776 yadda rabon aiki da ciniki suke haɓaka arzikin ƙasa. Karl Marx, wanda digirinsa na dakta a 1841 na falsafa ne, ya fitar da babban littafinsa kan jari a 1867, yana cewa ribar mai masana'anta daga gumin ma'aikacin da ba a biya shi cikakke ba take fitowa. Marx ya ƙarar da ƙarfinsa wajen fayyace jari-hujja, bai tsaya zayyana yadda za a tafiyar da tattalin arziki bayan an kawar da shi ba. Juyin juya halin Rasha na 1917 ya mai da wannan giɓi maganar gaggawa.

A 1919 wani masanin falsafa ɗan Ostiriya, Otto Neurath, ya kawo amsa. Ya nazarci yadda gwamnatoci suka riƙa rabon abinci da kwal da ƙarfe a Yaƙin Duniya na Farko, sai ya ce za a iya tafiyar da ƙasa haka a lokacin zaman lafiya, ba tare da kuɗi ba: a ƙirga tan nawa na kwal, awa nawa na aiki, kadada nawa ta alkama, a tsara. Hujjarsa tana da nauyi. Akwai hukuncin da ba ya aunuwa da ma'auni ɗaya, kamar ko a ƙone kwal yau ko a rage wa jikoki.

A 1920 Ludwig von Mises, shi ma ɗan Ostiriya, ya mayar da martani da maƙala guda, kuma daga nan muhawarar ta sauya hanya. Bai taɓa maganar adalci ba. Ya ce a ɗauka masu tsarawa mutanen kirki ne, a ɗauka ma sun san abin da jama'a suke so. Matsalar tana wajen kayan da ake yin kaya da su. Ya kawo misalin layin dogo: a gina shi ko a fasa, kuma in za a gina, wace hanya za a bi? A ce hanya ɗaya ta ratsa dutse, gajera ce amma tana cin nakiya da shekarun aikin injiniyoyi. Ɗayar ta kewaya, tana cin ƙarfe mai yawa da ƙarin kwal a kowace tafiya har abada. Ba a tara tan na ƙarfe da awar injiniya a samu jimla. Kuma ƙarfen nan ana nemansa a garma da gada da tukunya. A kasuwa farashi ne yake mai da su duka lamba ɗaya da za a kwatanta. To farashin ƙarfe yana fitowa ne daga cinikin masu mallakarsa da masu nemansa. In hukuma ɗaya ce ta mallaki ma'adinan da masana'antar da layin dogon, babu ciniki a tsakani, babu farashi na gaskiya, sai a yi ta lalube cikin duhu.

Masu ra'ayin gurguzu na wancan zamani ba su yi watsi da wannan suka ba. Oskar Lange, masanin tattalin arziki ɗan Polan, har cewa ya yi ya kamata a kafa mutum-mutumin Mises a zauren hukumar tsare-tsare ta ƙasar gurguzu, don shi ya tilasta musu fuskantar matsalar. A 1936 da 1937 ya fitar da tasa dabarar. Mutane su sayi kayan masarufi su zaɓi aiki a kasuwa kamar kullum. Hukuma ta sanar da farashin ƙarfe da siminti da injuna. Kowane manajan masana'anta ya bi ƙa'ida biyu: ya zaɓi hanyar da ta fi araha a kan wannan farashi, kuma ya ci gaba da ƙara yawan kaya har kuɗin yin ƙwaya ta ƙarshe ya yi daidai da farashinta. A ƙarshen zango a duba rumbuna. Abin da ya yi ƙaranci a ɗaga farashinsa, wanda ya yi kwantai a sauke, a maimaita har a daidaita. A lura da abin da ya faru a nan: don ya kare gurguzu, Lange ya dawo da farashi cikinsa.

Friedrich Hayek, wani masanin tattalin arziki ɗan Ostiriya, ya ƙara zurfafa maganar a 1945, ya kai ta tsakiyar falsafar sani. Ya ce ilimin da tattalin arziki yake bukata ba a tare yake wuri ɗaya ba, a warwatse yake a kawunan mutane, kuma yawancinsa na wuri ne da lokaci: wane inji ne yake zaune rabin yini, wane jirgi ne zai koma ba kaya. Misalinsa kuza ne. In kuza ta yi ƙaranci, masu amfani da ita ba sa bukatar sanin ko rami ne ya rufta ko sabuwar bukata ce ta taso; farashi ya hau, dubban mutanen da ba su san juna ba sun fara tsimi da neman madadi. Duk wanda ya ga yadda labarin ƙarancin ruwan sama a wani yanki yake bayyana a farashin buhun gero a Dawanau tun kafin wani rahoto ya fito, ya san abin da ake nufi.

Tarayyar Sobiyat ba ta bi dabarar Lange ba. Daga shirin shekara biyar na farko a 1928, da ma'aunin kaya aka yi aiki. Kowane muhimmin kaya yana da takarda mai gefe biyu: gefe ɗaya inda za a samo shi, ɗayan inda za a kai shi. In ƙarfe ya gaza sai a ɗaga adadin da aka ɗora wa masana'antun ƙarfe, wannan ya jawo ƙarin kwal, kwal ya jawo ƙarin taragu, taragu kuma da ƙarfe ake yin su. Kafin a zagaya sau biyu ko uku shekara ta kama. Inda buri ɗaya ne a fili, tsarin ya yi abin mamaki: manyan masana'antu cikin ɗan lokaci, yaƙi da jahilci, tauraron ɗan'adam na farko a 1957. Inda kaya suka kai iri miliyoyi, sai ɓaraka ta fito, kuma daga ƙa'idojin kansu take fitowa. In an auna aikin masana'antar gilashi da nauyi sai ta yi mai kauri, in an auna da faɗi sai ta yi siriri mai saurin fashewa. Adadin baɗi ana ɗora shi ne a kan abin da ka yi bana, saboda haka manaja mai hankali yakan ɓoye iyakar ƙarfin masana'antarsa, ya nemi kayan aiki fiye da bukata ya jibge don gudun yankewa. Alƙaluman da suke isa sama sun riga sun gurɓata tun daga ƙasa, ko da kowa a ofis ƙwararre ne.

A 1938 an kawo wa wani matashin masanin lissafi a Leningrad, Leonid Kantorovich, matsalar masana'antar katako: yadda za a raba ire-iren itace a kan injuna daban-daban a samu kaya mafi yawa. Da ya warware ta, sai lissafin ya fito da wata lamba ga kowane abu mai ƙaranci, mai nuna ƙimarsa a cikin shirin. Wato farashi ya sake ɓullowa daga cikin lissafin tsarawa. Wannan aiki ya kai shi ga kyautar Nobel a 1975.

Masu cewa kasuwa ta yi nasara an rufe babi, su ma rabin karatun suka ɗauka. A 1920 ɗin nan dai Arthur Pigou na jami'ar Cambridge ya nuna cewa farashi ba ya ɗaukar hayaƙin masana'anta da yake cutar da maƙwabta, domin ba mai kayan ne yake biya ba. A 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aiki, ga injuna a tsaye ga mutane suna bukata. A 1937 masanin tattalin arziki Ronald Coase ya lura cewa cikin kowane kamfani umarni ake bayarwa, ba ciniki ake yi tsakanin sashe da sashe ba, wato jari-hujja kansa cike yake da tsarawa. Mafi nauyi shi ne binciken masanin tattalin arziki Amartya Sen na 1981 kan yunwar 1943 ta yankin Bengal na Indiya, wadda ta kashe mutane miliyan biyu zuwa uku. Ya nuna cewa abin da ya fi kisa shi ne farashin shinkafa ya tsere wa ladan leburori da masunta. Farashi yana jin muryar aljihu ne kawai, kuma wanda ba shi da ko sisi, a lissafin kasuwa bukatarsa ba ta wanzu. Malaman fiƙihu sun daɗe da wannan tattaunawa: akwai hadisin Anas cewa Annabi (SAW) ya ƙi yanke farashi a Madina da aka roƙe shi, kuma malamai irin su Ibn Taimiyya sun halatta yankewa in 'yan kasuwa suka ɓoye abin da jama'a ba za su rayu ba sai da shi.

Abin da ya biyo baya gauraye ne. Ingila ta fitar da kiwon lafiya daga hannun kasuwa a 1948. Hungari ta sassauta tsarawa ta shigo da wasu farashin kasuwa a 1968. A 1978 magidanta 18 a ƙauyen Xiaogang na ƙasar Sin suka raba gonar gandu a asirce, kowa ya noma nasa, daga baya ƙasar ta ɗauki tsarin: ka ba hukuma kasonta a farashinta, rarar ka kai kasuwa. Tarayyar Sobiyat ta wargaje a ƙarshen 1991.

Yanzu maganar ta dawo ta ƙofar kwamfuta. A rubutunsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1967 bayan rasuwarsa, Lange ya ce na'ura za ta warware lissafin cikin ƙiftawar ido, kuma masu cewa ƙirƙirarriyar basira za ta iya tsara tattalin arzikin ƙasa wannan hujjar suke maimaitawa. Saurin lissafi kam an samu. Sai dai na'ura da alƙaluman da aka ba ta take aiki, kuma dalilin da ya sa manaja yake ɓoye gaskiyar masana'antarsa bai gushe ba. Kayan da ba a ƙirƙira ba tukuna ba su da alƙaluma kwata-kwata. Manyan kamfanonin da ake kafa hujja da su, masu tsara dubban rumbuna da kwamfuta, har yau a farashin kasuwa suke sayen kayansu, a farashin kasuwa kuma suke auna ko tsarin nasu ya ci riba ko ya faɗi.