Kyamarar lambar mota ba don ɓarayi kaɗai take ba

Jiya a majalisarmu nan Wunti wani yace kyamarar da 'yan sanda ke karanta lambar mota da ita ai ta ɓarayi ce, in baka yi laifi ba babu ruwanta da kai. Wallahi ba haka bane. Duk motar da ta gifta sai ta ɗauki lambarta ta rubuta wuri da lokaci, sannan ta duba ko ana nemanta. A Ingila, inda aka ƙirƙiro ta a 1976, shekara ɗaya ake ajiye bayanan. To ka ga mai kai mahaifiyarsa asibiti duk Alhamis, zirga-zirgarsa gaba ɗaya tana kwamfuta, kuma abin da ya dame ni shine wa ke da ikon buɗewa ya gani.