Haɗa dankalin turawa, kaji, shukar rufe ƙasa da shinge a gona ɗaya

Wannan tsari ne na ƙaramar gona da ake haɗa abubuwa huɗu don kowanne ya toshe giɓin da ɗan'uwansa ya bari. Dankalin turawa shi ne mai cin ƙasa a cikinsu: yana zuƙe abincinta, ana tona ta sau da yawa kafin a haƙe shi, sannan ya bar ta fili ba rufi. Shukar rufi tana mayar wa ƙasa abin da ta rasa, kaji suna ba da taki suna tsince ƙwari, shinge kuma yana tare iska da dabbobi. Sai dai kowanne yana iya ɓata ɗan'uwansa idan aka kuskure lokaci. Shi ya sa galibin ilimin wannan tsari na sanin lokaci ne: yaushe za a sare, yaushe za a zuba taki, yaushe za a saki kaji, yaushe za a kulle su.

Shinge mai rai

Da shi ake farawa, domin yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin ya tare dabba. Shinge yana rage ƙarfin iska a bayansa har nisan da ya ninka tsayinsa sau 10 zuwa 15, wato mai tsayin mita 2 yana kare mita 20 zuwa 30. Wanda iska ke ɗan ratsawa, mai ƙofofi kamar kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, ya fi wanda ya toshe ruf aiki, domin idan iska ta rasa hanya sai ta haye ta faɗo da ƙarfi daf da bayansa.

Ana gyara wuri mai faɗin mita 1, a dasa layi biyu da tazarar santimita 40 a tsakaninsu, kowane dashe yana fuskantar giɓin ɗaya layin, kimanin dashe biyar a kowace mita. A shekarar farko a datse kansu sosai don su yi rassa tun daga gindi. Manomi kan ji tausayin dashensa ya ƙi datsewa, sai shingen ya tashi da kai mai duhu da ƙasa a buɗe, alhali ta ƙasan ne kaza da akuya ke bi. Duk lokacin aski a bar gindi ya fi sama faɗi don rana ta samu rassan ƙasa.

A wurare masu zafi da ƙarancin ruwa magarya da bagaruwa da lalle suna yi. Inda damina ke da tsawo, reshen wata bishiya mai suna Gliricidia da aka kafa yana kamawa. A gangare ana jera ciyawar jema a kan layin da ya gitta gangaren, santimita 10 zuwa 15 tsakanin saiwa da saiwa, don ta tare ƙasar da ruwa ke ja. 'Ya'yan bini-da-zugu guba ne, kada a kewaye wurin kaji da shi. Saiwar shinge tana shiga gona ta sha ruwan amfani, don haka a bar kamar mita 2 kafin kunyar farko, ko a haƙa siririn rami mai zurfin santimita 40 a gefensa a yanke saiwoyin duk bayan shekara biyu.

Shukar rufe ƙasa

Ita ce wadda ake shukawa tsakanin amfani biyu ba don girbi ba, sai don kada ƙasa ta zauna a buɗe. Ganyenta yana tare dukan ruwan sama, saiwarta tana riƙe ƙasa, inuwarta tana danne ciyawa. Dangi uku aka fi amfani da su.

Dangin wake, irin su wake da wasu tsirrai masu suna mukuna da Crotalaria juncea, da kulofa a ƙasashe masu sanyi, suna ɗaukar naitirojin, sinadarin da ke ciyar da tsiro, daga iska ta hanyar ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin ƙulle-ƙullen saiwarsu. Idan sun yi kyau suna tara kilo 50 zuwa 150 a hekta. Gwajin yana da sauƙi: a tumɓuke guda, a fasa ƙullin da farce. Idan cikinsa ja-ja ne yana aiki, idan fari ne ko kore ba ya tara komai. Dangin ciyawa, irin su gero da dawa da sha'ir da ot (wani hatsi na ƙasashe masu sanyi), ba sa tara naitirojin, amma sun fi yawan kara da saiwa, kuma suna kama abincin da ruwa zai wanke bayan an haƙe dankali. Dangi na uku, wato wani tsiro ɗan'uwan kabeji mai suna mastad da danginsa, suna da wani sinadari mai yaji da ke rage wasu cututtukan ƙasa, amma sai an daddatse su ƙanana an binne nan take cikin ƙasa mai danshi, in ba haka ba yajin ya bi iska. Yawan iri a hekta ya bambanta ƙwarai: mastad kilo 10 zuwa 15, Crotalaria kilo 30 zuwa 50, ot kusan kilo 100.

Lokacin sara shi ne inda aka fi yin ɓarna. Ana sare dangin wake da sun fara fure, lokacin da naitirojin ya fi yawa a ganye kuma iri bai ƙullu ba. Idan aka bari suka zubar da iri, sun zama ciyawar baɗi. Dangin ciyawa kuwa, in suka tsufa suka yi tauri, wata matsalar ce. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da tsiro suna buƙatar kimanin kashi 24 na kabon, sinadarin da ya fi yawa a jikin kara, a kan kashi 1 na naitirojin, busasshen kara kuwa yakan kai 80 a kan 1. Sai su ari abin da ya rage daga ƙasa, dankalin da aka shuka a kai ya fito ɗorawa-ɗorawa ko da an yi masa hidima. Maganin shi ne a haɗa ciyawa da wake tun wurin shuka, a sare suna ɗanyu, a jira mako biyu zuwa huɗu kafin shuka dankali. Inda ruwa ke da ƙaranci a ƙara yin sarar da wuri, domin shukar rufi ma ruwa take sha.

Filin da ya daɗe da ciyawa yakan tara wata siririyar tsutsa mai tauri, ruwan ɗorawa, wadda ke huda dankali. Nan ne aikin kaji ya shigo.

Kaji

Bayan an sare shukar rufi an ɗan buɗe ƙasa, ana sakin kaji a wurin, ko a riƙa matsar da akurki marar daɓe kowace rana ko bayan kwana biyu. Suna tonon tsutsa da ƙwan ƙwari da irin ciyawa. In aka bar su wuri guda suka daɗe, sai su daddale ƙasa, kashinsu ya taru ya ƙone ta. Da zarar an shuka dankali a kulle su, domin suna tone kunya, kuma ganyen dankali da ƙwayar da ta yi kore suna da guba. Irin wasu jinsunan Crotalaria ma yana lalata hantar kaza, wanda ƙarin dalili ne na sarewa kafin iri.

Tsince-tsince ba ya wadatar da kazar ƙwai. Tana cin giram 110 zuwa 120 a rana na abinci mai furotin kashi 16 zuwa 18 da kalsiyam kusan kashi 4 cikin ɗari, domin kowane ɓawon ƙwai yana ɗauke da kimanin giram 2 na kalsiyam. Ruwan shanta ya ninka abincinta, a zafi ya fi haka. Kaza ba ta gumi, da haki take rage zafi, don haka in ya haura digiri 30 a ma'aunin Salshiyas ci yana raguwa, ɓawo yana laushi. A ɗaki ana ba kaji uku zuwa huɗu murabba'in mita ɗaya, kowace ta samu santimita 20 zuwa 25 a sandar kwana, akwatin ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar. Suna buƙatar haske na awa 14 zuwa 16 kafin ƙwai ya ɗore.

Shimfiɗar ɗaki, ta buntun shinkafa ko ɓarɓashin katako, ta kai kaurin santimita 10 kuma ta zauna a bushe. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke haifar da cutar hanji mai sa kashin jini a 'yan tsaki, ita ke kuma tayar da zarnin da ke cin ido da huhu. A sunkuya daidai tsayin kan kaza a shaƙa: in zarnin ya shiga ido, ya riga ya yi yawa. Annobar Niyukasil ba ta da magani sai rigakafi, kuma tana iya share garke cikin 'yan kwanaki. Duk kazar da aka sayo a ware ta aƙalla mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.

Kashin kaji taki ne mai ƙarfi, amma ɗanyensa yana ƙona saiwa kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar ciki. A tara shi da shimfiɗarsa tudu mai tsayin mita 1, a jiƙa shi daidai yadda in an matse ba zai ɗiga ba, a riƙa juyawa. Zafin cikinsa ya kai digiri 55 na kwanaki, sannan a bar shi ya huce ya daina wari. Ƙa'idar noma ba da sinadari ba ta Amurka ta tanadi kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa, kuma ma'auni ne mai kyau ga kowa. Ga dankali, rabin kilo zuwa kilo 1 na ruɓaɓɓen taki a murabba'in mita ya isa. Ya fi kyau a zuba wa shukar rufi, dankali ya ci daga baya.

Dankalin turawa

Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, kuma bai rabu da son sanyi ba. Yana ƙwaya sosai idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 15 da 20, in ya kusa 30 sai ya tsaya, ganye ya yi ta yaɗo ƙasa ba komai. Yawan naitirojin ma haka yake yi masa. Yana son ƙasa mai laushi da ba ta riƙe ruwa, mai ɗan tsami, tsakanin 5 da 6.5 a ma'aunin pH. Toka ko farar ƙasa daf da shuka tana kawo ƙazuwa a fatarsa, musamman idan ƙasa ta bushe lokacin da ƙwaya ke ƙulluwa.

Iri shi ne rabin aikin. Ana zaɓar mai girman ƙwan kaza, giram 40 zuwa 60, a shanya shi a inuwa mai haske har ya fitar da gajerun tsiro masu kauri. Wanda ya tsira a duhu tsironsa fari ne, dogo, yana karyewa wurin shuka. Tazara ita ce santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 30 tsakanin rami da rami, zurfi santimita 10. Hekta tana cin kimanin tan 2 zuwa 2.5. Irin da ake ta maimaitawa daga gona ɗaya yana raguwa shekara bayan shekara, saboda darɓa tana yaɗa cutar da ke naɗe ganye, cutar kuma tana bin ƙwaya zuwa shuka ta gaba. Wanda ke ajiye ƙananan da suka rage a matsayin iri, sau da yawa 'ya'yan marasa lafiya yake tarawa. A sa alama a gindin masu lafiya tun suna kore, daga su za a ɗebi iri.

Ana yin huɗa idan tsiro ya kai santimita 15 zuwa 20, a maimaita bayan mako biyu ko uku. Ƙwayar da rana ta taɓa tana yin kore ta tara gubar solanin, wadda dafuwa ba ta kawar da ita. Huɗa mai kauri tana kuma toshe tsagar ƙasa da wani ƙaramin malam-buɗe-littafi ke bi ya yi ƙwai a jikin dankali. Ruwa ya zo daidai-daidai tun daga fure: fari sannan ambaliya yana sa ƙwaya ta tsage ko ta yi ƙusumbi.

Cututtuka biyu ne suka fi kashe gona. Ta farko ƙunar ganye ce, wadda wata ƙwayar cuta mai kama da fumfuna, Phytophthora infestans, ke jawowa, ita ce ta haddasa yunwar Ayalan da ta fara a 1845. Tana son sanyi-sanyi da raɓa mai daɗewa: baƙin tabo a gefen ganye, farar fumfuna a ƙarƙashinsa da safe, cikin mako ɗaya ko biyu gona ta ƙone. Feshin maganin jan ƙarfe ko mankozeb duk kwana 7 zuwa 10 kariya ce, ba ya warkar da ganyen da ya kamu. Nan ne shingen da ya rufe gona ruf yake cutarwa, domin yana hana ganye bushewa. A rage tsayinsa ta gabas don hantsi ya shigo da wuri. Ta biyu cutar yaushi ce, wadda ƙwayar cuta mai suna Ralstonia solanacearum ke jawowa, inda tsiro ke yanƙwanewa alhali ƙasa da danshi. A yanke kara a rataya bakinsa cikin ruwa a kofin gilashi, in wani farin zare ya sauko kamar hayaƙi, ita ce. Ba ta da magani. A tumɓuke tsiron da ƙasar gindinsa, a wanke fartanya, kada a zuba shi cikin tudun taki. Saboda irin waɗannan cututtuka ba a mayar da dankali wuri guda sai bayan shekara uku ko huɗu, kuma tumatir da barkono da gauta ba sa shiga tsakani, domin danginsa ne.

Mako biyu kafin haƙa a yanke ganye don fata ta yi ƙwari. In an murza da babban yatsa ba ta saɓule ba, ya isa haƙa. A haƙe a busasshiyar rana, kada a wanke, a bar shi kwana 10 zuwa 14 a duhu mai iska don raunukansa su rufe, sannan a ware masu tabo. Na ci yana son duhu da sanyin digiri 7 zuwa 10, domin in sanyi ya kai digiri 4 ko ƙasa sitacinsa yana komawa sukari, ya yi baƙi wurin suya. A tsince har ƙananan da suka ɓuya a ƙasa, domin su ke tsirowa su riƙe cuta har zagaye na gaba, kuma a watsa irin shukar rufi cikin makon da aka haƙe tun ƙasa tana da laushi.