Sauya ƙa'idar sadarwa tsakanin burauza da sabar

Sauya ƙa'idar sadarwa yarjejeniya ce da burauza da sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, suke ƙullawa don su bar ƙa'idar, wato tsarin musayar bayani, da suka fara magana da ita su koma wata. A yawancin hanyoyin, burauza ce ke yin tayi, sabar kuma ita ke da ta cewa.

Hanya mafi tsufa ta zo ne tare da HTTP/1.1, ƙa'idar ɗauko shafukan intanet, wadda hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta fara fitarwa a Janairun 1997. Burauza tana tura buƙatarta yadda ta saba, sai ta ƙara layi biyu a kan saƙon: Upgrade tare da sunan ƙa'idar da take so, da kuma Connection: Upgrade. In sabar ta amince, sai ta amsa da lambar 101 Switching Protocols, daga nan duk abin da ya biyo baya a kan wannan layin sadarwar da sabuwar ƙa'ida za a karanta shi. In ba ta so, ko ba ta iya ba, sai ta yi kunnen uwar shegu da tayin, ta amsa kamar ba a ce mata komai ba, kuma ba laifi ba ne a ƙa'idance. Akwai kuma lambar 426, wadda sabar ke bayarwa in ta ƙi yin aiki sai an sauya.

Inda wannan hanya ta samu gindin zama shi ne WebSocket, wadda aka tabbatar a takardar IETF mai lamba RFC 6455 a Disamban 2011, ita ce kuma ke ba manhajojin hira da shafukan sakamakon wasa damar turo sabon bayani ba sai an tambaya ba. Burauza tana rubuta Upgrade: websocket, ta haɗa da mabuɗin Sec-WebSocket-Key, wato bayit 16 da aka zaɓa kara-zube aka rubuta da Base64, tsarin rubuta bayit da haruffa. Sabar tana ɗaukar mabuɗin, ta liƙa masa wata doguwar lamba da kowa ya sani, 258EAFA5-E914-47DA-95CA-C5AB0DC85B11, ta lissafa SHA-1 ɗinsu, wato lissafin da ke dunƙule bayani ya zama gajeren tambari, ta mayar da sakamakon a Sec-WebSocket-Accept. Masu koyo sukan ɗauka wannan tsaro ne, alhali ba ya ɓoye komai. Amfaninsa kawai burauza ta tabbata cewa wadda ta amsa ta fahimci WebSocket, ba tsohuwar amsa ce wata ma'ajiya ta maimaito ba.

Matsalar Upgrade tana wajen masu shiga tsakani. Layin Upgrade bai wuce zango ɗaya ba: firoksi, wato ɗan aiken da ke tsakanin burauza da sabar, ba ya miƙa shi gaba sai an umarce shi. Shi ya sa mai shafin da ya sa nginx a gaba a matsayin firoksi yake ganin WebSocket ɗinsa na aiki lafiya a kwamfutarsa, ya kai shi intanet ya ƙi, har sai ya rubuta umarnin miƙa layukan biyu da hannunsa. Ga kuma jinkirin kai-da-komo ɗaya kafin sabuwar ƙa'ida ta fara aiki.

Sau biyu aka gwada ɗora manyan abubuwa a kan Upgrade, duka ba su karɓu ba. RFC 2817 ta shekarar 2000 ta so a riƙa kunna TLS, ƙa'idar ɓoye bayani, a kan ƙofar HTTP ta 80, amma duniya ta bi HTTPS mai ƙofarta daban, 443. HTTP/2 ta 2015 ma ta tanadi h2c don sauyawa a fili ba tare da ɓoye bayani ba. Manyan burauza ba su taɓa aiwatar da ita ba, RFC 9113 ta 2022 kuma ta ce a daina wannan sauyin.

A yau cinikin ya koma cikin gaisuwar TLS, ta hanyar ALPN, tsarin zaɓen ƙa'ida da aka fitar a Yulin 2014. A saƙonta na farko burauza tana jera abin da ta iya, misali h2 (wato HTTP/2) da http/1.1, sabar ta zaɓi ɗaya a cikin amsarta, ba a ƙara ko tafiya ɗaya ba. ALPN ta gaji NPN da Google ya ƙirƙira don SPDY, ƙa'idar da HTTP/2 ta samo asali daga gare ta; a NPN burauza ce ke yanke hukuncin ƙarshe. HTTP/2 ba ta san lambar 101 ba sam, don haka WebSocket a kanta sai ta bi ta umarnin CONNECT da aka faɗaɗa a 2018.

HTTP/3 kuwa ba a iya sauya mata a kan layin da ake kai, domin tana tafiya ne a kan wasu hanyoyin jigilar bayani, QUIC da UDP, ba TCP da HTTP/1.1 da HTTP/2 ke bi ba. A nan sabar ce ke tallan kanta: tana sa layin Alt-Svc a amsarta, ko a rubuta bayanin a DNS, kundin adireshin shafukan intanet, cikin rajista nau'in HTTPS. Burauza sai ta buɗe sabon layi ta gwada, in an toshe UDP a hanya ta ci gaba da HTTP/2.