Femme Fatale: Makirar Mace a Fim, Adabi da Zane

Femme fatale suna ne na Faransanci da masu nazarin fim da adabi ke kiran wata irin mace da ake yawan sakawa a labari: kyakkyawa ce, ga wayo ga kissa, tana jan namiji da kyanta har ya rasa dukiyarsa ko mutuncinsa ko ma ransa gaba ɗaya. Kusan kullum akwai wani sirri da take ɓoyewa, kuma ba kasafai ake barinta ta ba da labarin da bakinta ba, namijin da ya faɗa tarkon ne ke faɗa mana wace ce ita. Tana cikin ƴan siffofin da aka daɗe ana cusa mata a cikinsu kamar babu wasu, irinsu uwa mai haƙuri, budurwa saliha da ke jiran a zo a cece ta, da muguwar tsohuwa.

Asali

Tun kafin a san wani abu wai shi kyamara akwai ta. A labaran Girkawa akwai Circe da ta mai da mutanen Odysseus aladu, akwai kuma Siren masu waƙa a teku suna jan matuƙa jirgi zuwa halaka. A Littafi Mai Tsarki akwai Delila da ta dinga naci har Samson ya faɗa mata sirrin ƙarfinsa. Amma wadda ta fi nuna yadda ake ƙera irin wannan mace ita ce Salome. A Linjilar Markus da ta Matiyu ko sunanta ba a kama ba, ƴar Hirudiya ce kawai da ta yi rawa gaban sarki, kuma uwarta ce ta sa ta nemi kan Yahaya, sunan ma daga littafin masanin tarihi Josephus aka samo shi. Sai ga shi a ƙarshen ƙarni na 19 mawaƙa da masu zane a Turai sun mai da ita shu'uma mai ƙishin jini, Gustave Moreau ya zana ta a 1876, Oscar Wilde ya rubuta wasan kwaikwayo a kanta a 1891 inda ita da kanta ce ke sha'awar mutumin har ta sumbaci kan da aka yanke, Richard Strauss kuma ya mai da wasan waƙar opera a 1905. Yarinyar da uwarta ta aika, ta wayi gari ita ce uwar makirci.

Wannan zamanin kam ya cika da irinta. Carmen ta Prosper Mérimée ta fito a 1845, Bizet ya ɗora mata kiɗa a 1875, Franz von Stuck ya zana mace da maciji a kafaɗa a 1893 ya sa wa zanen suna Zunubi, Gustav Klimt ya zana Judith, macen da ta yanke kan wani sarkin yaƙi, a 1901. Masana da yawa na danganta yawaitar abun da cewa lokacin ne mata a Turai suka fara neman shiga jami'a da haƙƙin mallakar dukiya da na zaɓe, toh tsoron da maza ke ji sai ya fito a zane. A ɗaya gefen kuma ana ta yabon kishiyarta, wato mala'ikar gida ta waƙar Coventry Patmore ta 1854, mace marar ra'ayin kanta, wadda Virginia Woolf ta ce a 1931 sai da ta kashe ta a zuciyarta kafin ta iya rubutu.

A fim

Theda Bara ce ta fara shahara da wannan rol a Amurka, a fim ɗin A Fool There Was na 1915. Kamfanin Fox ya yaɗa cewa wai a hamadar Sahara aka haife ta, alhali ƴar Cincinnati ce mai suna Theodosia Goodman, wato har ita kanta jarumar sai da aka ƙirƙira mata asali na nesa dan ta ƙara ban tsoro. A Jamus Louise Brooks ta fito a rol ɗin Lulu a fim ɗin Pandora's Box a 1929, Marlene Dietrich kuma a Der blaue Engel a 1930, inda wani malamin makaranta mai mutunci ya ƙare a wulaƙance saboda mawaƙiya.

Amma inda ta samu gindin zama sosai shine finafinan Hollywood na laifi da duhu na shekarun 1940, waɗanda Faransawa suka laƙaba wa film noir. Misalin da kowa ke kawowa shine Double Indemnity na Billy Wilder, 1944. Walter Neff ɗan kamfanin inshora ne, ya je wani gida sabunta takarda, sai ga Phyllis, wato Barbara Stanwyck, a saman bene ɗaure da tawul, can ta sauko kyamara na bin ƙafarta da ƴar sarƙar da ke idon sawunta, ga gashin kanti fari fat da darakta ya sa mata da gangan dan a ji akwai ƙarya a jikinta. Daga nan suka ƙulla kashe mijinta dan cin kuɗin inshora. Abun lura fa shine Walter ne ya tsara yadda za a yi, shi ne ya kashe mutumin a cikin mota, shi ne kuma ke ba da labarin duka cikin na'urar ɗaukar murya yana zubar da jini, amma duk da haka ita ake tunawa a matsayin muguwar. Wannan rashin adalcin shine ƙashin bayan siffar: namiji ya zaɓi abun da zai yi da hankalinsa, a ɗora wa mace alhakin.

Dokar tace finafinai ta Hays, da aka fara tsanantawa a 1934, ba ta yarda mai laifi ya sha ba, shi ya sa ƙarshen waɗannan mata kusan ɗaya ne, harsashi ko gidan yari, kamar Brigid a The Maltese Falcon na 1941. Ga kuma yaƙin duniya na biyu da ya sa mata da yawa suka shiga masana'antu suna karɓar albashi, sojoji suka dawo a 1945 suka tarar gida ya canza.

A Indiya an raba aikin gida biyu ƙarara: jaruma mai kunya da sari, da kuma ƴar rawar kulob mai sigari da kayan Turawa, irin rol ɗin Nadira a Shree 420 na 1955 da raye-rayen Helen na shekarun 1960 da 1970. Launin fata ma ya shigo ciki, Anna May Wong ta sha fitowa a muguwar ƴar Asiya a Hollywood, baƙaƙen mata kuma an daɗe ana ba su ko dai fitinanniya ko ƴar aikin gida, rol ɗin da Hattie McDaniel ta ci Oscar da shi a 1940.

Muhawara

A 1975 Laura Mulvey ta rubuta maƙalar da ta nuna cewa kyamarar Hollywood da idon namiji take kallo, mace abun kallo ce kawai. Wasu masu nazari mata kuma sun ce a daure a duba da kyau, a finafinan wancan zamanin makirar ce kaɗai macen da ke da buri da wayo da magana mai kaifi, ita ke motsa labarin, shi ya sa masu kallo ke tuna ta su manta da salihar. Duka biyun akwai gaskiya a ciki, sai dai ƙarfin da ake ba ta aro ne, ana karɓe shi kafin fim ya ƙare.

Siffar ta dawo da ƙarfi da Body Heat a 1981 da Basic Instinct a 1992, kuma tunda dokar Hays ta riga ta mutu, a The Last Seduction na 1994 matar ta tafi da kuɗin ba abun da ya same ta. Fatal Attraction na 1987 kuwa labarinsa daban ne. A ƙarshen da aka fara ɗauka Alex, matar da wani magidanci ya ci amanar aurensa da ita, ita ce ta kashe kanta, amma ƴan kallon gwaji ba su gamsu ba, sai aka sake ɗaukar wani inda matar gidan ta harbe ta a banɗaki. Glenn Close da ta fito a rol ɗin ta yi ta ja da wannan canji, dan ita a wajenta Alex mace ce mai fama da ciwo a rai, mijin da ya ci amanar aurensa kuma fim ɗin ya bar shi da iyalinsa.