Laifi ɗaya, mudu biyu: tambayoyi kan labarin Tess

Wai wace ce Tess ɗin nan?

Yarinya ce 'yar talakawa a littafin Thomas Hardy mai suna Tess of the d'Urbervilles, wanda ya fito a Ingila a 1891. Dokin gidansu ya mutu, abin ci ya yanke, sai uwarta ta matsa mata ta je gidan wasu masu kuɗi wai danginsu ne ko a samu rufin asiri. Ɗan gidan, Alec, ya yi amfani da ƙuruciyarta ya lalata ta. Ta dawo gida da ciki, ta haihu, jaririn bai daɗe ba ya rasu, kuma limamin coci ya ƙi yi masa jana'iza irin ta Kirista. Shi kuwa Alec ko gezau, daga baya ma wa'azi ya kama yi.

To ina munafuncin da littafin ke nunawa yake?

A daren aurenta yake. Ta tafi wani gari tana aikin tatsar nono, a nan Angel Clare, ɗan limamin coci, mai ilimi mai ganin kansa wayayye, ya so ta ya aure ta. Daren farko ya zaunar da ita ya ce akwai abin da ya ɓoye, ya taɓa yin kwana biyu yana sheƙe aya da wata mata a Landan. Nan take ta yafe masa, har daɗi ta ji don tana ganin yanzu kam zai fahimci nata, ta buɗe baki ta faɗa masa komai. Sai gogan naku ya juya, wai matar da yake so ba ita ba ce, wata ce daban mai kamarta, ya tattara ya yi Burazil ya bar ta da wahala. Wallahi wurin nan ya fi min ciwo a duk littafin, don shi da ƙafarsa ya je ya yi nasa, ita kuwa fin ƙarfinta aka yi, amma ita aka ɗora wa laifin.

Anya Hardy bai ƙara gishiri ba?

Ko kaɗan, dokar ƙasar ma haka take a lokacin. Dokar saki ta 1857 ta ba namiji damar rabuwa da matarsa in ta yi zina, shi ke nan. Mace kuwa zinar miji kaɗai ba ta isa hujja ba, sai ta haɗa da wani laifin kamar azabtarwa ko ya gudu ya bar ta. Sai 1923 aka daidaita.

Ya mutane suka karɓi littafin?

Da hayaniya, musamman da ya rubuta a ƙasan sunan littafin cewa Tess mace ce tsarkakakkiya. Mujallar The Graphic da ta fara buga shi kashi-kashi sai da aka yanke maganar jaririn, kai har wurin da Angel ya ɗauki 'yan mata a hannu ya tsallakar da su ruwa aka canza aka ce a baro ya tura su. Bayan littafinsa Jude the Obscure na 1895 ya sha irin wannan sukar, Hardy ya koma waƙa bai sake rubuta sabon littafin labari ba.

Shi kaɗai ne ya taɓo wannan?

A'a. A littafin Jane Eyre na Charlotte Brontë, 1847, Mista Brocklehurst mai kula da wata makarantar marayu yana sa a yanke gashin marayun wai don ƙanƙan da kai, matarsa da 'ya'yansa na shigowa cikin siliki da gashi nannaɗe.

Ya aka ƙare da Tess?

Talauci ya mayar da ita hannun Alec. Angel ya dawo da nadama a makare, ta daɓa wa Alec wuƙa ya mutu, aka kama ta a Stonehenge, wurin tsofaffin duwatsun tarihi a Ingila, daga baya aka rataye ta. Angel ya tafi riƙe da hannun ƙanwarta.